Ciyawar Ado

Gonar mahaifinsa ce, amma sai da Auta ya yanki tikiti a ƙofa. Shekara tara ke nan da shi da yayyensa suka sayar da ita, ko kabarin mahaifin nasu da ke ciki ba su ware ba. Yanzu wurin shan iska ne.

"Yawo muka zo, ba zaman makoki ba," in ji matarsa, ta wuce bakin tafki ta bar shi.

Rana ta yi ja, tsuntsaye suka yi tsit. A inda tsamiyar iyaka take a da, ya tarar da wani tsoho durƙushe ya ba shi baya, yana tuge ciyawa, yana kaɗe saiwar sau biyu a gwiwa kafin ya yar. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinsa, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

"Baba, ai ciyawar ado ce, shuka ta aka yi."

"Na sani, ita ta yi mini nauyi," in ji tsohon, bai juyo ba. Daga ƙarƙashin ƙasa muryar take fitowa. "Gusa, Auta. A kan ƙirjina kake tsaye."