Ranar Da Ba Wanda Ya Miƙe

Mailafiya ɗan ga-ruwa ne a unguwar Rusaifa. Ya zo Hajji daga Maraɗi, bai koma ba, ba shi kuma da iƙama, wato takardar zama. Ranar da ya fara kai ruwa gidan Malam Mukhtaru, 'yarsa Ummulkhairi ce ta ɗaga labule. Rabin garwar a ƙasa ya zuba.

"Ga randa can, ya sheikh, ƙafata ba ta jin ƙishi," ta ce tana dariya.

Daga nan ta zama Ummuna, shi kuwa Mai-ɓari.

Malam Mukhtaru ne sakataren majalisar Hausawan unguwar. Ya taɓa aiki a majalisar Kaduna, can ya ɗauko tsarin: in shugabanni sun yi ƙaramar doka, a ajiye ta gaban majalisa kwana arba'in. In wani ya miƙe ya ja, wani ya goya masa baya, sai a sake dubawa. In an yi shiru, ta zauna.

A 1964 aka ajiye wata: ba a ba marar iƙama aure, don an sha kama maza a mayar gida a bar mata.

Ummulkhairi ta aiko wa Mailafiya da takardar ajami:

"Mai-ɓarina, saura kwana tara. Ba ka da baki a majalisa, nemi mai miƙewa. Ni ina nan."

Ya sami Yunus, mai shago kuma ɗan majalisa.

"Tayyib, ɗauka an gama," in ji Yunus.

Bai ƙara neman kowa ba. Bai san Yunus ma ita yake so ba.

Ranar arba'in ya tsaya bakin ƙofa. Sau uku Malam Mukhtaru ya tambaya, "Akwai mai ja?" Yunus ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Wata biyu Ummulkhairi ba ta leƙo ba, a zatonta bai nemi kowa ba. Da ta ji gaskiya, Yunus ya aiko neman aurenta, ta ce ba ta so.

Shekara biyar kafin iƙama ta fito. A ta huɗu mahaifiyarta Hajo ta rasu, ba ta ga bikin ba.

Da aka shafa fatiha, Malam Mukhtaru ya riƙe hannun ango.

"Ya waladi, sakatare ba ya fara ja. Amma da mutum ɗaya ya miƙe, da ni zan goya baya. Me ya hana ka zo wurina?"

"Kunya, Baba."

Tsohon ya ɗaga hannuwansa ya yi addu'a.

"To, Allah ya ba ku zaman da zai rama shekarun da muka zubar."

Daga bayan labule Ummulkhairi ta amsa: "Amin, Abba."