Tawada a Bayan Sabar

Tun ranar da aka shigo da baƙin akwatin nan ɗakin bayan maɗaba'a, Baba ya ce ba za a wanye lafiya ba. Sati bakwai aka yi, sai ga Sufeton 'yan sanda a bakin ƙofa.

Ƙarar da aka kai masa ita ce: an sace tambayoyin jarrabawar ma'aikatan jinya, an watsa su a intanet kwana uku kafin a zauna. Maɗaba'ar Baba ce ta buga su, kuma daga adireshin layinta na intanet suka fita.

"Wa ke da akwatin nan mai gurnani?" in ji Sufeto.

"Nawa ne," in ji 'yar Baba ta fari, wadda kowa ke kira Injiniya. "Sabar ce, irin kwamfutar nan da saƙonnin intanet ke ratsawa. Ni na jawo mata babban layi, ni na saita ta."

"Aikin me take yi?"

"Zango ce, ranka ya daɗe. Mai son aika saƙo ba a gane shi ba, saƙonsa zai bi zango uku kafin ya isa. Tawa ta tsakiya ce. Ta karɓa a rufe, ta miƙa a rufe."

"Ba ni sunayen masu bi."

"Babu. Na saita ta kada ta riƙe komai."

"Kin san zan iya tafiya da ke da ita?"

"Na sani. Ko akwai ma, da sai kotu ta tambaya. Akwai matar da ke ɓoye wa mai dukanta, akwai ɗan jarida. Ba ni zan tona su ba."

Baba ya matso kusa da ita. "Ke, sassauta! Hukuma ce fa."

"Baba, ban yi laifi ba, ba zan yi muryar masu laifi ba."

Ta juyo da allon, ta nuna wa Sufeto layi guda cikin saitin. "Wannan ya rufe ƙofar fita. Ba abin da ke fita duniya daga zangona, sai dai zuwa zango na gaba. Ka kira masaninku ya duba."

Sufeto ya ɗauki hoton allon ya tura ofis. Bayan minti goma aka kira shi: gaskiya ta faɗa, kuma ba a taɓa saitin ba tun ranar farko.

"Ke nan," ya ce a hankali, "wanda ya aika yana cikin ginin nan."

Ya durƙusa bayan akwatin, inda kebul ke shiga ƙaramar na'urar raba layi. Rami huɗu ne, uku sun yi ƙura. A bakin na huɗun akwai shatin yatsa na shuɗiyar tawada. Ya dubi hannun Injiniya, fes. Na Baba kuwa an naɗe shi da bandeji tun watan jiya.

"Wa ke kan injin bugawa?"

"Ƙanen mahaifiyarta," in ji Baba.

Kawu na wanke farantin injin bugawa lokacin da Sufeto ya iske shi.

"Ka taɓa shiga ɗakin baya?"

"Ni? Me ya haɗa kifi da kaska? Ko waya sai an danna mini."

"To shi ke nan. Yarinyar za mu tafi da ita. An ga saƙon ya fito daga akwatinta ƙarara."

"Ba zai yiwu a gani ba," Kawu ya yi saurin cewa. "Ai ita ta ce duk wanda ya bi ta cikin sabar ba a ganinsa."

"Shi ya sa ka zagaya ka cusa kebul ɗinka?"

Kawu ya dubi hannunsa. Ruwan shuɗi na ɗiga daga yatsunsa.

"Kawu," in ji Injiniya daga bakin ƙofa, "da na ce a bi ta cikinta, ba ramin baya nake nufi ba. Wannan layin gida ne tsirara. Ka yi shela ne da sunanmu."

Kawu ya zauna kan damin takarda. "Matata ce za ta zauna jarrabawar, karo na uku. Na kai mata tambayoyin. Sai na ga in ita kaɗai ta cinye za a gane, gara kowa ya samu. Wallahi ban yi don a kama ki ba."

"Amma da an tafi da ni, da ka yi magana?"

Aka sa wa Kawu ankwa, aka fita da shi.

Sufeto ya tsaya a ƙofa. "Shawara ce, ba umarni ba. Ki kashe abin nan."

"Ranar da doka ta hana, ka zo da takarda. Kafin nan, gobe ma zan ƙara mata faɗin layi."

Baba ya daɗe a tsaye gaban akwatin, hannunsa kusa da makunni, amma bai taɓa ba. Har yau bai san su waye ke wucewa ta ɗakin bayansa ba, na kirki ne ko na banza, kuma bai san ko Sufeto zai dawo da takardar ba.