Ta Bangon Kicin

Rana ta yi ja, inuwar tankin ruwa ta miƙe har bakin ƙofar falo, amma Umma da Abba ba su gama musun da suka faro tun la'asar ba. Musun kicin ne, ɗan ƙaramin ɗaki a ƙuryar gidan, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Gara ta cinye kantocinsa, sinkin yana yoyo, tukwane a jibge a ƙasa. Umma tela ce, ta daɗe tana burin a yi mata kabad na jikin bango ta huta da sunkuyo. Bana Allah ya hore, sai zaɓen ma'aikaci ya zama aiki.

Mutum uku suka zo suka duba. Akwai Dogon kafinta, wanda Umma ke so don ta ga aikinsa a gidan ƙanwarta, shekaru sun ja ko murfi ɗaya bai saki ba. Akwai mai alminiyam, da ya ce nasa ba ruwansa da gara ko danshi, sai dai surutunsa ya sa kowa ciwon kai. Na ukun ɗan kamfani ne, mai hotuna a waya. Da hantsin ranar ya zo, ya ƙwanƙwasa bangon bayan sinki ya ce kogo ne, in an rushe shi kicin zai ƙara faɗi. Don ya nuna musu, ya ɗauko guduma ya doka, har ya huda shi. Shi Abba ke so.

"Hoto ba katako ba ne, Abban Auta," in ji Umma.

"Shi kuma Dogon naki, in ya ce miki sati, ki sa ran baɗi. Alkawarin kafinta ai na tela ne kaɗai ke kamo ƙafarsa."

Umma ta buɗe baki za ta rama ke nan, dutse ya faɗo kan kwanon rufi.

Suka ɗaga kai sama. Wani ya sake faɗowa, ya gangara a hankali, kamar ana jan sa da zare. Abba ya leƙa titi. Masu shaguna sun kunna fitilu, babu ko yaro ɗaya a kusa. Da ya dawo sai ya tarar da Umma a tsaye, tana kallon wani ɓaraguzan siminti da ya faɗo a tsakiyar falo, alhali rufin lafiya lau yake. Ya ɗauka. Da ɗumi, kuma a jiƙe.

"Ina Auta?" Umma ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, budurwa mai karatun jinya, ita kaɗai ta rage a gabansu. Tun ɗazu aka aike ta ta ɗora ruwan zafi. Suka same ta a kicin cikin duhu, ba ta kunna fitila ba, ba ta ɗora komai ba. Ta durƙusa ta kafa kunne a hudar bangon.

"Umma, yaro ne ke kuka," ta ce, ba ta juyo ba.

Daga ranar gidan bai sake zama daidai ba. Da rana komai lafiya, keken ɗinki na ta ƙara. Amma da zarar haske ya fara janyewa daga tagar kicin, sai jifa ta fara. Famfo ya buɗe kansa. A cikin bututu a riƙa jin magana, kamar mata biyu na shawara a bayan ƙofa. Abba ya cusa tsumma a hudar, da safe aka same shi a ninke a kan kanta. Auta ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta, ta rame har wuyanta ya fito. An kai ta asibiti, aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce ba a ga komai ba. Umma takan ɗauki almakashi ta ajiye, ta leƙa 'yar, ta dawo, ta manta abin da take yankawa.

Wata yamma ɗan kamfanin ya kira ya ji ko an yanke shawara. Abba na ɗagawa, Auta ta ɗago kai daga tabarma, ta yi magana da muryar tsohuwa, a dishe.

"Kashe wayar nan. In mai gudumar ya sake tako gidan nan, da yarinyar zan tafi."

Wayar ta suɓuce daga hannun Abba.

Washegari bayan la'asar ya ɗauko Malam, wani dattijo masani da ya daɗe yana yi wa masu irin wannan lalura karatu. Malam bai tambayi komai ba. Ya sa aka zaunar da Auta a ƙofar kicin, Umma ta riƙe kafaɗunta, shi kuma ya zauna nesa kaɗan da gorar ruwa a gabansa. Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Haske na ta raguwa. Can sai jikin yarinyar ya sandare, ta toshe kunnuwa, ta saki wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Ni ce ta bangon. Tun kafin a sa wa gidan nan ƙofa nake ciki, ni da jikana."

"Me yarinyar ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Gudumar ce ta sami yarona a ƙafa. Na yi jifa ba a ji ba, na yi magana ba a ji ba. Ita kaɗai ta kawo kunne."

"Sai kika saka mata da zalunci."

Famfo na ɗiga a sinki. Sannan kan Auta ya juya a hankali, idanun suka sauka kan Umma.

"Ke kin san ni, ko ba ki sani ba. Ranar da aka kira ki asibiti kika fita da gudu, kika bar gas a buɗe ba wuta, wa kike zaton ya rufe?"

Umma ta ƙara riƙe kafaɗar 'yarta.

"Kada ki biye mata," in ji Malam. "Suna haɗa gaskiya da ƙarya." Ya koma kan muryar. "Faɗi abin da kike so, ki fita."

"A ba kafinta aikin. Shi ba ya taɓa bango, allonsa kawai zai jingina. Mu zauna kamar da."

"Wannan ba huruminki ba ne. Masu gida su ke zaɓen ma'aikacinsu, kuma wadda ta taɓa shiga jikin 'yar mutane ba ta da sauran zama a bangonsu."

Ya ci gaba da karatu. Muryar ta yi kururuwa, ta yi barazana, ta koma magiya. Daga ƙarshe ta ce yaron ba ya iya taka ƙasa, a bar su har ƙafar ta warke, sannan su tashi. Malam ya dubi Abba, Abba ya dubi Umma.

"A bar su," Umma ta ce. "Amma ta sakar mini 'yata yanzu."

Malam ya sa muryar ta rantse, ta maimaita. Ya yayyafa ruwa. Auta ta yi wata irin miƙa, ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Aka ja ƙofar kicin aka rufe, Umma ta koma girki a baranda. Jifa ta tsaya. Bayan wasu makonni, wata magariba, suka ji ƙofar baya ta buɗe da kanta, aka ja wani abu mai nauyi a ƙasa har waje, sannan ta rufu a hankali. Ba wanda ya tashi ya duba.

Sai maganar ma'aikaci ta dawo, ta fi da wuya. Abba ya ce ko sunan ɗan kamfanin ba ya son ji. Umma kuwa, da ta ɗauki waya za ta kira Dogo, sai ta tuna wanda ya zaɓar mata shi, ta ajiye. Ba ta son duk ranar da ta buɗe kabad ta ji kamar umarni ta bi.

"To saura wa?" in ji Abba.

"Saura mai bakin."

Mai alminiyam ya zo da ƙarafunansa da surutunsa. Ya kawo magini ya cike kogon da bulo, ya kafa kabad sama da ƙasa, ya canza sinki, yana aiki yana ba da labarin surukansa har Auta ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Murfi ɗaya ya ɗan karkace, sai an danna yake rufuwa, Abba bai ce uffan ba.

Kicin ya yi kyau. Umma ta daina sunkuyo. Sai dai shirunsa ya yi mata yawa, irin shirun ɗakin da aka kwashe kaya. Bututu ba ya motsi, bango ba ya numfashi. Kuma tun daga lokacin, ko ƙofar gida ta kai da mayafi a kafaɗa, sai ta juyo, ta shiga, ta sa hannu ta taɓa kan gas.

Wata rana Auta ta ce, "Umma, ai kin rufe. Na gan ki."

"Na sani," in ji Umma, hannunta na kan makunnin. "Yanzu ba mai dubawa sai ni."