Kibiyar Magajiya Afra'u

A ƙarshen zamanin Sarki Halilu na Birnin Gawo, garin da ya taɓa zama tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri, da kaka, hatsi bai gama shiga rumbu ba, sarki ya rasu. Ya bar 'ya'ya maza goma, ga mahara sun doso gari.

Al'adar garin ita ce duk wanda ya isa yaƙi ya ajiye kibiya mai shaidarsa a ɗakin Magajiya Afra'u, ƙanwar sarki. In magada suka so rabuwa, sai a raba kibau daidai wa daida, kowa ya tafi da masu su. Wanda aka karya kibiyarsa kuwa, an kore shi ke nan har abada.

'Ya'yan suka kasa yarda da sarki ɗaya, suka nemi rabo. Magajiya ta cire kibiyar mamaci, ta ƙirga sauran, ta sami dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Ta san halin wannan adadi: yana rabuwa biyu, yana rabuwa uku, har zuwa goma, ba ya barin saura. Gari zai watse a bakin mahara. Ta yi wa wata kibiya shaidarta, ta jefa a ciki.

Aka zube kibau a fada. Aka kasa goma, ɗaya ta ragu. 'Yan'uwa suka haɗa kai aka kasa biyar, aka kasa uku, aka kasa biyu tsakanin Mani, babban ɗa, da Yaro mai bi masa. Kullum ɗaya na kwance a tsakiya. Ran Mani ya ɓaci, ya ce a karya ragowar.

Magajiya ta ce, "Ragowag ga tawa ce, ɗana. Karya ta."

Ya ce, "Gwaggo, yaushe mace ta aje kibiya?"

Ta ce, "Ran da maza sunka mance abin da a ka aje ta dominai."

Ba wanda hannunsa ya iya karya ta, rabo ya gagara. Aka naɗa Mani, gari ya tsaya ɗaya. Amma mai kibiya ba ya zama gida ranar yaƙi, kuma Magajiya ba ta nemi a ɗauke mata ba. Ta hau ganuwa da tsufanta. An kori mahara, ita kuwa a can aka ɗauko gawarta.

Na kai wa Malam Abdulhakim, mai koyar da lissafi a Tibiri, adadin nan na dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Ya gwada shi, ya ce babu abin da ke raba shi sai ɗaya da shi kansa, ko da magadan ɗari ne. Na daɗe ina jinjina wa matar nan. Sarauta ta faɗa hannun Mani, amma wadda ta riƙe garin ita ce ta ƙara ɗaya, tana sane da abin da za ta biya.