Sallamar da Hansai Ta Haɗiye

Ku cire waɗannan igiyoyin daga kunnuwanku! Babba na magana, kun toshe kunne kuna sauraren wata ƙatuwa tana raɗa tana ƙwanƙwasa ƙwarya da farce, wai don barci ya zo. Marasa kunya. Ku matso ku ji abin da ya sami Hansai.

Hansai makitsiya ce, kuma ita ce mai guɗar unguwa. In ta rangaɗa guɗa har bakin kasuwa ana ji. Kullum cewa take, ranar auren 'yarta tilo, Ladidi, sai garin nan ya toshe kunne. Ga sanyin hannu. In ta sa tsinke ta tsaga kai, sai tsikar jiki ta tashi daga tsakar ka ta gangaro wuya, mace ta ɓingire da barci a cinyarta.

Wata mai koyon aikin jinya da ke zuwa kitso ce ta hure mata kunne. Wai ƙwaƙwalwa ce ke tuna lokacin da uwa ke shafa kan ɗanta, sai bugun zuciya ya sauka, jiki ya saki. Wai akwai dubban mutane da ba sa runtsawa sai sun ji irin wannan a waya. Shi ke nan Hansai ta kama ɗaukar ƙarar mataji da raɗarta tana turawa duniya.

Amma unguwar ba shiru. Ga injin niƙa, ga awaki, ga masu talla.

"Tsohuwar marina zan je," ta ce wa gwaggonta Tabawa. "Can ko tsuntsu ba ya kuka."

"Kin taɓa tambayar abin da ya hana shi kukan? In kin nace, ki tsaya a bakin wurin ki yi sallama da ƙarfi. Wurin yana da masu shi."

"Haba Gwaggo! Ramukan da suka bushe tun ba a haife ni ba?"

"Na dai gaya miki, mai kunnen ƙashi."

Da rana tsaka ta tafi, ita kaɗai. Tun daga nesa ta kunna wayar, don ta kama ƙarar takunta a kan busassun ganye. Da ta iso bakin marinar, sallamar ta zo mata har baki. Ta ga za ta ɓata mata ɗauka. Ta haɗiye.

Ta zauna a gefen wani rami, ta fito da gashin kanti tana tajewa, tana raɗa. "Kwanta. Saki jikinki. Bari in tsefe miki."

"Tsefe min."

A cikin kunnenta na hagu ta ji maganar. Ta ɗaga kai. Wata mace ce zaune a gabanta, ta ba ta baya, da baƙin zane mai ƙyallin shuni. Ganye ko ɗaya bai motsa ba da zuwanta.

Hannun Hansai ya kai kan matar da kansa. Gashin sanyi ƙalau, a jiƙe. Tana tsefewa yana ƙaruwa. Yatsunta suka rine shuɗi. Ta sunkuyar da kai, sai ta ga ƙafafun. Matar ta ba ta baya, amma yatsun ƙafarta Hansai suke kallo.

"Kin shigo mana gida ba sallama."

"Ki yi haƙuri, Iya. Ɗauka nake yi."

"Kina da murya?"

"Ina da ita."

"Kika hana mu. To bar ta nan. Raɗar ta ishe ki."

Hansai ta watsar da mataji ta zura da gudu. Ta faɗa gida ta buɗe baki za ta ƙwalla wa Gwaggo kira. Iska ce kawai ta fito.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta asibiti. Likita ya leƙa maƙogwaro ya ce lafiya lau. Shuɗin yatsun ma ya ƙi fita.

Saboda haka kada in ji wani ya bi hanyar marina shi kaɗai, kuma duk inda kuka tarar da shiru ya yi yawa, ku ɗaga murya ku yi sallama.

Bayan shekara tara aka ɗaura auren Ladidi. Daga wata unguwa aka aro mai guɗa. Da aka fito da amarya, Hansai na tsaye a bakin zaure, ta kama hanci da shuɗɗan yatsunta, ta buɗe baki iya ƙarfinta. Ko wadda ke kusa da ita ba ta waiwayo ba.