Hular Sufeto Jatau

Da ƙarfe tara na safiyar Juma'a Fasto Nelson ya shigo caji ofis na Kafanchan da jiƙaƙƙiyar lema a hannu, ya ce an yi sata a ɗakin taron cocinsu.

Sufeto Gershon Zamani ya jawo takarda. "Janareta aka ɗauka? Ko kayan kiɗa?"

"Hula ce, ofisa."

Sufeto ya ajiye biro. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan. Ya bi ɓarayin citta har Kachia, ya kamo masu satar babur a Madakiya, amma ƙarar hula kam yau ya fara ji.

"Hular Sufeto Jatau," in ji Fasto a hankali.

Saja Mildred, wadda ke rubutu a kan kantar ofis, ta dafe ƙirji. "Yesu na! Hular da kanta?"

To, nan ne ran Sufeto ya ɓaci. Shi wannan Jatau ba mutum ba ne, ɗan sandan talbijin ne, a wani shiri mai suna Sawu Ba Ya Ɓata da ake nunawa kowace Laraba. Shekara shida mutanen gari suna auna Gershon da shi. A kawo ƙarar akuya, sai ka ji an ce, "Da Jatau ne, da tuni an gama." Haba jama'a! Mutumin da ake ba shi sabuwar mota, kuma marubuci ya riga ya raɗa masa sunan ɓarawon?

Fasto ya warware zance. Bara ɗan wasan da ke fitowa a Jatau ya zo Kafanchan, ya cire baƙar hularsa ta shirin ya ba Ƙungiyar Masoya Jatau, masu taruwa kallo a ɗakin taron coci. Aka yi mata akwatin gilashi. Makon jiya, a shirin ƙarshe, aka harbe Jatau ya mutu. Shekaranjiya Laraba ƙungiya ta yanke shawarar yi masa bankwana irin na babban mutum: su sa ankonsu, a yi waƙa, a ci tuwon acca, a binne hular a gindin mangwaro. Yau da safe aka tarar an fasa taga, hula ta ɓace.

"Su sayi wata a kasuwa mana," in ji Sufeto.

"Ba hular ta kawo ni ba, ofisa. Makullin ɗakin ɗaya ne, yana hannun Mama Damaris mai shara. Kowa ita yake nunawa. Dattawan coci za su zauna ƙarfe biyar, in ba a samu wani ba za su sa ta a horo. Kuma gobe ne auren 'yarta Clara."

Sufeto ya miƙe. Shi ma ɗan coci ne, ya san horo. Wanda aka sa a horo bencin baya yake zama, ba ya cin Jibin Ubangiji, mace kuwa ba ta ɗaura ankon Zumuntar Mata. Uwar amarya ta kalli auren 'yarta daga bakin ƙofa, gari na kallonta? Wannan kam ba zancen hula ba ne.

"Saja, ɗauko lema."

A ɗakin taro suka tarar da shugaban ƙungiya, Malam Silvanus, tsohon hedimasta mai shekara saba'in da 'yan kai. Ya zagaye tagar da igiyar shanya, yana korar masu leƙe.

"Na kiyaye muku wurin, Sufeto. Kamar yadda ake yi."

"Mun gode, Baba."

Sufeto ya durƙusa. Gilasan taga biyu sun fashe, ɓarɓashin duk yana cikin ɗaki, a jere tsaf. Ya kama ƙarafunan tagar ya girgiza. Ko motsi ba su yi ba, kyanwa ma sai ta matse kafin ta wuce. Ya zagaya waje. A ƙarƙashin inuwar kwano, inda ruwa bai taɓa ba, ga sawun tsintsiya a ƙasa.

Ya dawo ya sunkuya kan akwatin hular. Kujeru duk da jirwayen taɓo na damina, amma akwatin da hannun ƙofa sai ƙyalli suke. Ya shinshina. Sifirit ne, irin na asibiti.

"Me kuma ake ajiyewa a ciki?" ya tambayi Saja a hankali.

"Littafin ƙungiya, Oga. Shi ma babu." Ta rage murya. "Oga, kar ka yi fushi. A shirin akwai ɓarawon da Jatau ya kama don gilashi ya zube waje, aka gane daga ciki aka fasa. Akwai kuma wanda zanen yatsunsa ya tona."

"Wato wani ya fasa daga ciki, ya fita ya share ɓarɓashin ya dawo da shi, ya goge yatsunsa. Ya tuna da komai, sai ƙarafunan taga."

"Tagogin talbijin ba su da ƙarfe, Oga."

Suka sami Mama Damaris a gida, tsakiyar tukwanen biki, tana tsince shinkafa. Matan da suka saba cika gida ranar jajibere ba su fi uku ba. Idonta ya kumbura.

"Mama, kina kallon Jatau?"

"Ni? Laraba gwajin waƙa muke yi a Zumunta. Ni dai ina buɗe masu, in dawo in kulle. Wannan hula, Allah ya sani, ko kyau ba shi da shi."

"Kin san ana gane ɓarawo ta zanen yatsa?"

Ta kalli yatsunta. "Kamar na zaɓe?"

"Makullin fa? Ya taɓa barin hannunki?"

Ta taɓa bakin zaninta inda ta ƙulle shi. "Bai taɓa ba."

"Ko jiya Alhamis?"

"Ko jiya."

Amma ba ta kalle shi ba, kuma shinkafar da ta tsince ta zuba cikin tsakuwa ba ta sani ba. Sufeto bai matsa ba. Ya ga wadda ke ƙarya don kanta, ya ga mai yi don wani, kuma ya san bambancinsu.

Daga nan sai shagon Godspower, mai gyaran waya a kusa da tasha, wanda ke kunna wa ƙungiya talbijin. An ce an ji shi yana cewa hular za ta yi tsada a intanet.

"Jiya kana ina?"

"Shago, Oga. Tun safe har yamma."

"Maƙwabcinka ya ce ka rufe ƙarfe biyu."

Godspower ya sosa ƙeya. "To, Oga, gaskiya Kagoro na je wajen wata. Abeg, kar madam ta ji. Maganar intanet kuma wasa ne. Ni na ma zaɓi a binne."

"Zaɓe kuka yi?"

"Da takarda, a asirce. Ni na buɗe su. Kowa ya rubuta e, mutum ɗaya kawai ya ce a'a. Baba Hedimasta da kansa ya tashi ya ce shi yana tare da jama'a, a binne."

"Ka gane rubutun mai a'a?"

"Ban gane ba sha. Amma da jan biro ne, har an ja layi biyu a ƙasa. Sai da gabana ya faɗi, na tuna firamare."

Sufeto da Saja suka kalli juna.

Gidan Malam Silvanus yana bayan layin dogo, tsaf da shi, da shuke-shuke a gwangwani. Ya tarbe su da fara'a, jan biro a aljihun rigarsa. A falo kujera biyu ke fuskantar talbijin. Ɗaya ta lotsa da zama. Ɗayar an lulluɓe ta da zanin Zumuntar Mata, a samanta hoton wata dattijuwa mai gilashi.

"Maiɗakina ce, Hellen. Shekara biyu ke nan da ta tafi wurin Ubangiji. Ku zauna."

Sufeto bai zauna ba tukuna. Yana kallon teburi, inda wani littafi mai baƙin bango yake kusa da kwalbar sifirit.

"Kafin ka tambaya," in ji Malam Silvanus, "jiya daga ƙarfe uku da minti goma zuwa huɗu da rabi ina gona. Ga kuma yatsuna, ku ɗauki zanensu." Ya miƙa yatsunsa goma.

"Baba, wa ya ce maka da rana aka yi satar? Kowa a gari cewa yake cikin dare ne."

Tsohon ya kawar da kai, hannayensa har yanzu a miƙe.

"Yatsu kuma, mayar da abinka. Shekarata ashirin da biyu a aiki, ban taɓa ɗaukar zanen yatsa a kan akwati ba. Ɓarawon gaske na Kafanchan ya san haka, ba ya ɓata sifirit ɗinsa. Sai wanda ya koyi sata a wurin Jatau." Ya nuna teburi. "Wancan ba littafin ƙungiya ba ne? Ranar Laraba a akwati ɗaya aka kulle shi da hular."

"Aro na yi."

"Da wane makulli?"

Hannayen tsohon suka sauka kan gwiwarsa. Sufeto ya ja kujerar roba ya zauna gabansa, ya sassauta murya.

"Na tambayi Mama Damaris sau biyu. Ta ce makulli bai taɓa barin zaninta ba. Ta san wanda ya ara, ta ƙi faɗa. Ta gwammace ta zauna bencin baya ranar auren 'yarta da ta kira sunanka."

"Ba ta faɗa ba?"

"Ko da wasa."

Malam Silvanus ya cire gilashinsa. Ya daɗe yana goge shi. Sannan ya tashi, ya ɗaga zanin da ke kan kujerar matarsa. Ga hular nan a zaune.

"Hellen ce ta fara son shi," ya ce. "Ni a da, raina shirin nake yi. Da ciwo ya kwantar da ita, kwanaki ba su da suna a gidan nan sai Laraba. Takan ce, Silva, Allah ya kai ni in ga wanda Jatau zai kama. Haka ta yi ta jan rai, Laraba zuwa Laraba, wata goma sha ɗaya. Bayan ta tafi, in na je kallo sai in ji kamar tana gefena tana cewa, wancan mai gemun ne. Na binne ta sau ɗaya, Sufeto. Da suka ce a haƙa rami a gindin mangwaro, zuciyata ta ƙi."

"Me ya hana ka tashi ka faɗa musu?"

"Kunya. Hedimasta guda, ya yi kuka kan hula a gaban yaran da ya koyar? Na ce wa Damaris littafi zan ɗauko. Na fasa taga don a ce ɓarawon waje ne, kar a taɓa ta. Da na ji an kama sunanta, na ce gobe zan faɗa. Na san goben ba za ta zo ba. Tsoro ne kawai."

Saja Mildred ta share ido da bayan hannu. Sufeto kansa tausayin tsohon ya kama shi, amma ya duba agogo. Biyar saura kwata.

"Baba, ni ban taɓa kallon shirin nan ba. Kai ka san shi. Jatau zai bar mace marar laifi ta ɗauki na wani?"

"Ko a mafarki." Ya haɗa hannayensa biyu ya miƙo. "Sa ankwa."

"Ban zo da ita ba. Ɗauki lemarka, za mu biya ta coci."

Dattawa bakwai suna zaune a ofishin Fasto, Mama Damaris a tsaye gabansu da hannu a baya, lokacin da suka shiga. Malam Silvanus bai jira a ba shi izini ba. Ya ajiye hular kan teburi, ya faɗi komai da muryar da yake kiran asambali, tun daga jan biro har tsintsiya. Da ya gama ya juya wajen Damaris, ya durƙusa da ƙyar.

"Na koya miki karatu, yau kin koya mini. Ki gafarta mini."

"Kai, Baba, tashi! Tashi, don Allah!" Ta kama shi tana kuka. "Ni na san ba mugunta ba ne. Kai ka riƙe ni a makaranta da babana ya so cire ni. Yaya zan kira sunanka?"

Fasto Nelson ya rufe littafin da ke gabansa, ya ce Mama Damaris ta tafi ta ci gaba da aikin biki. Maganar horo kuwa, dattawa sun san wanda za su zauna a kansa.

Sufeto ya taɓa kafaɗar tsohon. "Mu je ofis, Baba. Akwai taga da aka fasa, akwai bayani da za ka rubuta. In an samu mai tsaya maka, a gida za ka kwana."

"Ni zan tsaya masa," in ji Damaris. Ta biyo su har bakin ƙofa. "Baba, gobe fa ƙarfe goma. Clara ta ce a gaba za ka zauna."

Malam Silvanus ya tsaya, ya girgiza kai.

"Zan zo, 'yata. Amma bencin bayan nan da aka gyara miki, nawa ne. Ke ki ɗaura ankonki ki zauna inda uwar amarya take zama."

Ya buɗe lemarsa. Sufeto ya sa shi gaba, Saja Mildred na biye da hular a ƙarƙashin rigar ruwanta don kar ta jiƙe.