Rowar Malama

"Wayyo Allah, Anti! Wai fuskarki ce wannan?"

Auta ce ta faɗo falon ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta kama haɓar matar yayanta, ta juya ta wajen taga tana dubawa kamar mai zaɓen yadi. Malama ta ɗan murmusa kawai, domin leɓɓanta a tsattsage suke, da ta buɗe baki sosai sai jini.

Tun tana sakandare Malama take fama da ƙuraje. Ba irin ƙananan nan da ake matsewa a wuce wurin ba, manya ne masu zurfi da zugi, masu hana mutum kwanciya a kan kunci. Ba sabulun da ba ta saya ba, ba kirim ɗin da ba ta shafa ba. Yaran ajinta na firamare, da ba su san kara ba, har sanar da ita suke yi idan sabo ya fito. A haka Injiniya ya gan ta ya ce yana so, ya aure ta, ya kawo ta saman benen gidansu, mahaifiyarsa na zaune a ƙasa. Shi ne kuma ya kai ta wurin likitar fata ranar da ya tarar da ita tana kuka gaban madubi.

Likitar ta rubuta mata wasu ƙwayoyi masu ƙarfi, ta kafa musu sharuɗɗa su biyun suna zaune. Gwajin jini duk wata. Ba ɗaukar ciki sai an gama an huta, domin maganin yana nakasa ɗan da ke ciki tun uwa ba ta san da shi ba. Sannan ba a ba kowa, ko ƙwaya ɗaya.

Ta sha wuya kam! Da farko ƙurajen ƙaruwa ma suka yi. Fata ta bushe tana saɓa, idanu kamar an zuba yashi, haɓo ba gaira ba dalili, baya na ciwo idan ta daɗe tsaye gaban allo. Wata rana kuma sai ƙunci ya rufe ta, ta rasa abin da aka yi mata. Amma a hankali fuska ta lafa, ta yi sumul, har ta fara fita ba hoda.

"Anti, don Allah ki sam min," in ji Auta, tana nuna ƙurajen da suka feso mata a haɓa 'yan watanni bayan aurenta. "Dubi yadda na koma, ko selfi na daina. Kwali ɗaya tak!"

"Wannan ba a bayarwa, Auta. Ki zo gobe in raka ki wurin likitar."

"Layin asibiti? Da su gwaje-gwaje? Ga abu a durowarki!"

Auta ta figi jakarta ta sauka, takalminta na dukan matakala.

A gidan nan kuwa magani ba shi da mai shi. Akwai wani tsohon gwangwanin biskit a kan firjin Mama. Duk wanda ya sha magani ya rage, nan yake jefawa, duk wanda kansa ya sara, nan yake lalube. A wurin Mama, hana mutum magani da hana shi ruwan sha duk ɗaya ne. Ba a jima ba sai ga kira daga ƙasa.

Malama ta durƙusa a bakin kujera. Auta na gefe tana matsar ƙwalla, Injiniya na tsaye jikin ƙofa da kayan aikinsa bai ko cire ba.

"Matar Injiniya," in ji Mama. Idan ana shiri "'yata" take cewa. "Rowa har ta magani? Ke kaɗai kike so ki yi kyau a dangi?"

"Wallahi ba rowa ba ce, Mama. Maganin yana illa ga mai ciki, yana taɓa jariri. Auta kuma matar aure ce, ba a sani ba ko—"

"Ni ba ni da komai!" Auta ta katse ta. "Na rantse!"

Mama ta gyara gilashinta, ta ƙura wa surukarta ido. "To ke fa? Ke ba matar aure ba ce?"

Malama ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi silin. Nan fa abin da suka ɓoye ya fito fili: sun dakatar da haihuwa sai an gama magani.

"Lallai! Ina nan ina addu'ar jika, ashe ana can sama ana gyaran fuska! Kin hana ni jika, kin hana 'yata magani, duk da ƙarya ɗaya kika ɗaure mu. To ki ji, ko ki kawo ƙwayoyin nan, ko kada ki ƙara gaishe ni."

Benen nan matakala ɗaya gare shi, kuma ta ƙofar Mama ta bi. Safe da yamma Malama za ta tsaya ta gaishe ta, a yi kamar iska ce ta wuce. Dangi suka ji labari, waya ta yi ta ƙara, wannan ta ce a ji tsoron Allah, waccan ta ce daman masu shiru-shiru haka suke. Gidan iyayenta ba ta isa ta kai ƙara ba, ta san haƙuri za a ba ta a juyo da ita. Ta kwashe ƙwayoyin daga durowa ta mayar cikin jakarta, tana yawo da su kamar kayan sata. A makaranta ma ba wurin ajiya, teburinta ba makulli ga yara masu hannun bincike. Ga ƙuncin magani, ga na gida, har ta kasa bambance wanne ne ke sa ta kuka.

Abin da ya fi damunta, ta lura Auta ta daina shafa turarenta, kuma da ta zauna sai gyangyaɗi. Ta faɗa wa mijinta tana zargin ciki ne.

"Ta ce ba ta da shi," ya ce a gajiye. "Ki ba ta 'yan kaɗan a zauna lafiya mana. Kaina zai fashe!"

"Kana wurin fa likita ta yi magana."

"Ina wurin. Amma Mama ce."

Wata safiya ta fito daga wanka ta gan shi tsaye, hannunsa cikin jakarta. Ya zare hannun da sauri. Ba ta yi masa ihu ba, hawaye ne kawai suka zubo suna yi mata zafi a busasshiyar fata.

"Sori," ya ce. "Jiya Mama ta yi min kuka, ta ce in ni ɗanta ne..."

A nan Malama ta gane, muddin maganin nan yana hannunta, sai ya kai bakin Auta. Ta tsaya gaban madubi ta daɗe tana kallon fuskar da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya ba ta. Saura wata biyu ta gama. Ta shafa kuncinta, ta ɗauki jaka.

Da aka tashi daga makaranta ta wuce asibiti, ta ajiye wa likitar ragowar a tebur. Likitar ta gargaɗe ta cewa wanda ya tsaya a tsakiya, ƙurajen na iya dawowa, kuma maganar ciki a ƙara jira tukuna. Malama ta ce ta sani.

Sun kuwa dawo. Ɗaya a haɓa, biyu a kunci, sai zugi. Wani yaro a aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, sun dawo!" Ta ce ta gode, ya buɗe littafinsa. Injiniya ya kasa haɗa ido da ita. Daga baya ya sauka da kansa ya faɗa wa Mama cewa shi ne ya kai ta asibitin, da yardarsa aka yi komai, in da laifi nasa ne. Mama ta ce an shanye shi.

"Ta gwammace ta mayar da ta ba ni!" in ji Auta. "Mama, tashi mu je wurin likitar da kanmu. In karɓo nawa, a ga ƙarshen rowa!"

Da la'asar ranar, Malama na duba littattafan yara sai ta ji wani taku a matakala, a hankali, ana yi ana hutawa. Mama da ciwon gwiwa, rabonta da hawa benen tun ana gininsa. Ta shigo tana haki, Auta na bayanta ido jawur, rungume da gwangwanin biskit.

"'Yata," in ji Mama. "Kafin likitar ta rubuta komai sai da ta yi wa Auta gwaji. Ciki ne. Wai ƙurajen ma cikin ne ya kawo su. Ta faɗa min abin da zai sami yaron da a ce Auta ta sha maganin... ban iya ji har ƙarshe ba."

Auta ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafafunta. "Anti, ki yafe min! Dubi fuskarki, duk ni na jawo!"

Mama ta sa tafin hannu a kan kuncin nan mai ƙuraje, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ɗauki gwangwanin ta tura wa ɗanta da ke tsaye a bakin ƙofa. "Kai kuma sarkin lalube, gobe ka kai wa masu magani su san yadda za su yi da shi."

Watanni suka shuɗe, Auta ta haifi namiji lafiyayye, yatsu cif, kunnuwa cif. Injiniya ya riƙe hannun matarsa a barandar asibiti ya ce duk lokacin da ta shirya komawa magani, shi zai riƙa kai ta gwaji, Mama kuma ta ce jikan sama zai jira. Da aka miƙa wa Malama jaririn, sai ta ga wasu 'yan ƙuraje farare a hancinsa.

"Kada wanda ya shafa masa komai!" Mama ta daka tsawa. "Sai an tambayi likita!"

Malama ta yi dariya sosai, wannan karon ba jini.

Maganin da likita ya rubuta wa mutum nasa ne shi kaɗai, ba a kyauta da shi. Kuma wanda ya hana ka abin da zai cuce ka, ya haƙura da zaginka a kai, ka riƙe shi da kyau, masoyinka ne.